Ranar da kansiloli suka zo bakin mayo

Shekarun baya, da zarar na hango hadari ya haɗo sai gabana ya faɗi. Tsakanin unguwarmu a nan Mubi da makarantar firamare akwai wani mayo, wato rafi. Da rani yashi ne kawai, da damina kuwa ko babba sai ya yi shawara. Katako aka gitta a kai, a nan ɗana, ɗan aji ɗaya, yake tsallakawa kullum. Maigidana yakan ce na cika tsoro, kuma da gaskiyarsa, ni ko tari yaro ya yi sai na taɓa goshinsa.

Maƙwabciyata ce ta gaya mini kansilar unguwarmu, wata dattijuwa, ta kai maganar kwalbati majalisa, mu je mu ji. Na goya ƙaramar 'yata muka hau keke. Ban yi nisa a boko ba, ban taɓa shiga irin wurin ba. Har takalmi na cire a ƙofa, mai gadi ya ce, "Hajiya, ba masallaci ba ne."

Aka buɗe da addu'a, ta Musulmi da ta Kirista. Daga nan duk wanda ya miƙe sai ya gaida shugaba, ya gaida 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, wannan barka da haihuwa, wancan ya haƙuri. Wani ya faɗi maganarsa da Hausa, ya maimaita da Fulatanci, na kusa da shi ya tashi ya zuba ita ɗin dai da Turanci. Ana kan batun kasuwar shanu aka kira azahar, aka ɗage zama. Haka muka yi ta komawa, kwalbati na can ƙarshen layi, ga ruwa ya fara sauka.

Rannan na tare kansilar a ƙofa. Na ce, "Mama, yarona ne..." sai kuka ya ƙwace mini.

Ta ce, "'Yata, share hawayenki. Ɗakin nan akwai fanka da kujera mai laushi, wa zai yi sauri? Bar ni da su."

A zama na gaba ta miƙe, ba doguwar gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, a je a ga wurin, a yanke maganar a can." Shugaba ya yarda.

Sun iso daidai an tashi makaranta, sama ta yi baƙi ƙirin, takalma masu ƙyalli suna nutsewa a taɓo. Yara suka jeru suna tsallakawa, ruwa ja yana gudu a ƙarƙashinsu. Ga nawa a tsakiya, jaka a ka, katakon yana rawa. Ni dai salati nake.

Wani kansila ya gyara murya, "Da farko ina gaida mai girma..."

Shugaba ya katse shi. "Honarabul, mun amsa, dukanmu mun amsa! Kwalbati, e ko a'a?"

Mutumin ya dubi yaran, ya naɗe babbar rigarsa, ya je ya kamo hannun ɗana. Daga can ya ɗaga ɗaya hannun ya ce, "E." Saura ma suka ɗaga. Kafin yayyafi ya fara an gama.

A makon aka sa katako mai kauri da abin dafawa, kafin wata damina kuma aka gina kwalbati. Mama ta ce tun ranar suka sauya tsari: shugaba ya gaida kowa a madadin kowa, wanda aka riga aka faɗi maganarsa ya ce ya goyi baya ya zauna, abin da ya shafi rai kuma shi ake fara ɗauka.

Da ina ganin kamar ba su damu da mu ba. Ashe ba mugunta ba ce, daga kan kujera ba a jin ƙarar ruwa. Har yau ina gode musu, musamman Mama. Yanzu ta tsufa, ciwon ƙafa ya zaunar da ita a gida. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a.