Garwashin da Babana Ya Kai Wata Ƙasa

A gidanmu na Ƙofa, da an idar da sallar magariba sai tsere ya kaure tsakaninmu yara. Kowa so yake ya zauna kusa da Iya Dije, kakarmu ta wajen uba, domin na kusa da ita shi ke samun dankalin farko da ta tono daga toka. Ni kuwa ban taɓa yarda an riga ni ba. Ko da tuwo a bakina nake gudu.

Ina aji uku gwamnati ta ɗebi malamai ta tura su koyarwa a wasu ƙasashen Afirka, har da Babana. Murna kamar in tashi sama: ubana ya hau jirgi! Duk wanda na haɗu da shi sai ya sha labari. Amma da aka yi wata uku, murnar ta koma haushi. Ajinmu ba malamin lissafi. A gida ma babu mai tafa mini sau uku, ya buga ƙafa, ya ce "Madalla!" kamar yadda Baba yake yi in na ci lissafi. Yana can yana koya wa 'ya'yan mutanen da ko sunan garinmu ba su sani ba. Abin ya tsaya mini a rai: don me aka ɗauke mini shi?

Haushin nan a kan Ladi, 'yar maƙwabtanmu, na sauke shi. A lokacin in wutarku ta mutu ba a ɓata ashana, kasko ake ɗauka a shiga maƙwabta a ɗebo garwashi. Muna cacar baki a rijiya na ce mata, "Ko tuwon da kuka ci jiya da wutarmu aka dafa shi!" Kafin in iso gida maganar ta riga ni.

Da muka zauna, Iya ta iza itace, ta dube ni ta wutsiyar ido.

"Ƙawata, sarauniyar wuta, matso. Ga wata tatsuniya nan tafe da ƙafarta."

Muka haɗa baki, "Mun share mata wuri!"

Wai an taɓa yin marka, kwana bakwai ana ruwa, har wutar duk ƙasar ta mutu, sai ta gari ɗaya da ke kan tudu. Mutanen garin suka yi halin girma, suka cika kasake da garwashi suka bi garuruwa suna rabawa. Hayaƙi ya tashi gabas da yamma! Iya ta ɗaga muciya tana nuna shi, mu kuma muna tafi da ihu har Innata ta leƙo ta ce mu rufa mata asiri.

"To, sai abin ya shiga musu kai," in ji Iya.

Kullum da safe sai su tura ɗan aike gari-gari, ya tsaya tsakiyar kasuwa yana tambaya, "Da wutar wa kuka dama kunu?" Tun ana amsawa har aka gaji da gorin. Ɗaya bayan ɗaya garuruwan suka kwara wa wutar ruwa, suka nemo ƙyastu suka kunna tasu. Ranar da wutar garin tudu ta mutu, duk ƙofar da suka buga ba a buɗe ba. Sai wata ruga can bayan dutse, inda wata mata 'yar garin tudun ta taɓa ajiye garwashi ta juya, ko sunanta ba ta faɗa ba. A nan suka tarar da wutarsu tana ci, shekara da shekaru ana iza ta.

"Iya, wace ce matar?"

"Oho! Ta kai, ta dawo." Ta tono dankali mai zafi ta miƙo mini. "Ba naki ba ne. Kai wa Ladi. In kika buɗe baki a can, ni da ke ne."

Na kai, ina ƙunƙuni tun daga zaure.

Baba ya dawo bayan shekara biyu. Bai taɓa zama ya lissafa mana abin da ya yi a can ba, har Allah ya karɓi ransa. Ni kuma tambayata tana nan inda na bar ta.

Bara ni ma aka tura ni aikin ungozoma, ƙasar da ya zauna. A filin jirgi ana ganin fasfona aka ware ni gefe, aka zazzage jakata har ɗankwali. A asibitin ma gaisuwa da ƙyar. Sau nawa maganar ta zo mini har leɓe: ubana ya koyar da ku! Sai in ji muryata a bakin rijiya, in haɗiye.

Ana nan aka kawo wata haihuwa mai wuya. Jaririn ya fito shiru. Na yi ta murza bayansa ina addu'a har ya canyara kuka. Shugabar ɗakin haihuwa, mace sa'ata wadda ba ta taɓa yi mini murmushi ba, ta tafa sau uku, ta buga ƙafa, ta ce, "Madalla!"

Na juyo na dube ta. Na ce ina ta samo wannan? Ta ce wurin malaminsu na lissafi a aji uku, wani ɗan Najeriya. Sunansa ya ɓace mata, amma haka take yi wa duk ɗalibar da ta horar. Wai yakan ce ya baro 'ya kamarsu a gida, mai gudu da tuwo a baki.

Ina dariya ina hawaye na ce, "Ni ce!"

Yanzu in na ji ana muhawara a rediyo, wai mun taimaki ƙasashe ba su gode ba, nakan tuna ɗan aiken nan na tsakiyar kasuwa. Ban san lissafin manya ba. Na dai ga wutar Baba tana ci a hannun matar da ta manta sunansa, kuma a ɗakin haihuwar nan na yafe shekara biyun da aka ɗauke mini shi.