Kawu Agogo da Ruwan Ƙarfe Biyu

Ƙanin mahaifiyata ne, amma duk gidan Kawu Agogo muke ce masa. A kamfanin shirya fim da ya yi wa aiki shekara ashirin da biyu aka laƙaba masa sunan. Bai taɓa riƙe kyamara ba, bai taɓa fitowa a wasa ba. Nasa shi ne ya san wace mota za ta ɗauki wa, ina za a sauka, ƙarfe nawa za a fara.

Labarin da ya fi son ba mu shi ne na shekarar da kamfanin ya tafi ɗaukar fim a wata ƙasa ta ƙetare, mai kurmi da zafi mai naso. Har yau ina ganin teburin falonsa a makonnin nan: fasfo goma sha tara ɗaure da roba, katunan rigakafi, kwalayen maganin zazzaɓin sauro, da doguwar takarda mai lambar kowace na'ura saboda jami'an kwastan.

Matarsa ta ce, "Malam, ko ni da ka aura ba ka yi mini wannan tanadin ba."

Ya ce, "Ke ai ba kya tsatsa."

Shi aka tura gaba da wata guda. Ya yi ta safa da marwa a ofisoshi har ya samo izinin ɗauka. Ya tarar bakin soket ɗinsu ba irin namu ba ne. Cikin kwana huɗu takalminsa na fata ya yi fumfuna, sai ya aiko a sayo akwatunan da iska ba ta shiga don gilasan kyamara, a kuma ɗinka wa kowane ɗan wasa riga iri ɗaya har uku, saboda gumi.

A bakin kogin da za a yi aikin ya saba da wani tsoho mai kwalekwale. Ba sa jin yaren juna. Tsohon yakan nuna sama ya ɗaga yatsu biyu. Kawu ya yi kwana tara yana lura, kullum ƙarfe biyu na rana sai ruwa ya ɓarke. Saboda haka ya tsara a riƙa farawa da sassafe, a tashi ƙarfe ɗaya.

Aiki ya tafi daidai har ranar da za a ɗauki rabuwar uwa da ɗanta a bakin ruwa. Darakta ya kafe sai da rana tsaka, wajen ƙarfe biyu.

"Agogo, dubi sama tas. Kai dai ka cika tsoro."

"Ranka ya daɗe, jiya ma haka take."

Da Kawu ya ga ba za a ji ba, sai ya sa aka ɓoye lema da tamfol a kwalekwalen tsohon. Uwar tana cikin sallama da ɗanta ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kawu ya zabura ya rufe kyamara da lema, shi kuwa ya jiƙe sharkaf. Mai kyamara bai tsaya ba, 'yan wasan ma suka ci gaba. Wannan ɗaukar aka bari a fim, kuma a gefen hoton, na daƙiƙa uku, ana ganin gwiwar hannun Kawu.

Duk sanda muka kunna kaset ɗin, mutane suna share hawaye, mu muna ihu, "Ga shi nan! A mayar baya!" Shi kuma ya ce mu yi wa Allah mu bar tona masa asiri.

Da kamfanin ya rufe, ya koma tsara zirga-zirgar motocin wata makaranta har ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da ya rasu tsofaffin abokan aikinsa suka zo gaisuwa, daraktan yana dogara sanda. Suka zauna a tabarma har la'asar suna musu kan sunan otal ɗin da suka sauka a can. Babu wanda ya tuna. Can daraktan ya share ido da hannun riga, ya ce, "Mu dai bin sa kawai muke yi."