Bidiyon Teku da Na Yi wa Inna

Shekarata huɗu ina tuƙin motar wani kamfani a unguwar Ulaya da ke Riyad, ina kwana a unguwar Al-Oud, ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Riyad kuwa ko kududdufin kirki babu. Wata Juma'a na samu hutu, na hau bas ni kaɗai zuwa Dammam. A lokacin iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta ƙare da kwanaki, kafilina, ubangidan da ya kawo ni aiki, kullum sai ya ce gobe za a sabunta. Na sani sarai na tafi. Taurin kai ne kawai, ba wani abu ba.

Bayan La'asar na isa bakin ruwa. Na tuɓe takalma, na ɗaga waya ina yi wa Inna bidiyo, ina juyawa a hankali don ta ga faɗinsa. Ashe wajen masu iyali na kutsa. Akwai allo an rubuta, amma ni ina na ga ta allo.

Sai ji na yi an damƙe mini hannu. Wani Balarabe ne mai furfura a gemu, ya naɗe jallabiya zuwa gwiwa. Ya nuna mini gefe: mata ne zaune a kan darduma, biyu sun ɗage niƙabi suna shan gahawa. Duk sun shiga bidiyona. A ƙasar nan ɗaukar matan mutane hoto maganar 'yan sanda ce, su kuwa iƙama za su fara tambaya. Daga nan sai gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Ya karɓi wayar ya kunna. Muryata ta fito, ina ta zuba kamar sakarai, wai Inna ga ruwa iya ganinki. Ya tambayi me nake cewa. Da guntun Larabcina na direbobi na ce mahaifiyata nake nuna wa, ba ta taɓa ganin teku ba. Motar sintiri na tafe a hankali a titin da ke bayanmu. Ya bi ta da ido, ni ma na bi ta. Ƙafafuna a cikin ruwa suke, amma gumi nake yi.

Sai da ta wuce ya goge bidiyon, ya shiga inda gogaggu ke taruwa ya sake gogewa. Sannan ya ja ni nesa da matan, ya tsayar da ni na ba teku baya, ya ɗaga wayar da kansa ya fara ɗaukata bidiyo.

"Yalla, yi wa mahaifiyarka magana."

Na buɗe baki, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Haka na tsaya ƙiƙam har ya gaji ya miƙo mini wayata.

A bas na tura wa Inna bidiyon a haka. Kafin mu bar Dammam amsarta ta shigo, ko ambaton teku ba ta yi ba.

"Ɗan nan, wa ya taɓa min kai?"