Ƙuri'ar Injiniya

Shagon Injiniya bai fi taku shida a tsawo ba, kuma rabinsa matattun talabijin ne a jibge har rufi. Idan ka shiga, warin dalma ne zai fara tarbarka, sannan muryarsa daga bayan tebur: "A kula da wayar nan." Kullum akwai wata waya a ƙasa da bai kamata a taka ba. Shi dai ba injiniya ba ne a takarda, aji huɗu ya yi ya bar makaranta, amma tun yana saurayi unguwa ta laƙaba masa sunan, har 'ya'yansa ma idan aka tambaye su gidansu sai su ce gidan Injiniya.

Ni malamin lissafi ne a makarantar da ke ƙarshen titi. Fanka ce ta haɗa ni da shi. Wata Asabar da yamma na kai masa ita, na tarar da mutane a kan benci sun yi tsit, sun zuba wa wani babban talabijin ido. A tsakiyarsu wata dattijuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bar ido ɗaya a waje. Can sai wani abu ya faɗo daga rufin ɗaki a cikin fim ɗin, ta ƙwalla ƙara, ta damƙe hannun Injiniya har sukurudireba ta suɓuce masa. Kafin kowa ya dawo hayyacinsa ta fashe da dariya tana cewa, "A mayar da shi baya, ban gani da kyau ba!" Wannan ita ce Inna, matarsa. Ranar na manta da fankar, na zauna har aka gama.

A hankali na ji tarihinsa, guntu-guntu, don ba mutum ba ne mai zama ya ba da labarin kansa. Yana da shekara goma sha uku aka kai shi wajen wani tsohon mai gyaran rediyo. Shekara biyu yana share ƙura da miƙa kayan aiki kafin a bar shi ya taɓa komai. Daga rediyo ya koma kaset, daga kaset ya koma talabijin mai ƙaton baya, yanzu kuma ga waɗannan siraran masu kama da faranti, waɗanda yake cewa ba don a gyara aka yi su ba, don a jefar aka yi su. Inna kuwa a gidan mahaifinta ya fara ganinta, da aka kira shi ya duba rediyo. Sau uku rediyon yana sake lalacewa a wata ɗaya. A karo na huɗu ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Mai Rediyo, in magana gare ka ka faɗa, ka bar wa Baba rediyonsa ya ji labarai." Shekara arba'in da ɗaya ke nan, kuma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai wannan.

Sun haifi uku. Biyu aiki ya kai su nesa, sai Auta, tela ce, tana zaune da su a ɗakunan da ke bayan shagon.

Son fim ɗin ban tsoro na Inna ne, ba nasa ba. Ita ta tara mu: ni, da Nas mai aiki a ɗakin haihuwa, da Ɗan Tasi, da Mai Kemis, da wasu 'yan'uwa biyu masu sayar da fenti. Ita kuma ta kafa dokar zaɓe. Asabar ɗin ƙarshe ta shekara kowa zai rubuta fim ɗin da ya fi razana shi a 'yar takarda, a jefa cikin gwangwanin madara, ni in ƙirga tunda ni ne malamin lissafi. Fim ɗin da ya ci ba ya samun komai sai a rubuta sunansa da alli a bayan ƙofa. Amma gardamar da ake tafkawa a kai, ka ce kujerar mulki ake nema.

Injiniya bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Yana kallo ne da gefen ido, hannunsa na kan aiki. Idan dodo ya fito sai ya ɗaga tabarau ya ce, "Roba ce. Ga ɗinkin nan a wuyansa." Idan jini ya malala ya juya ga masu fenti: "Wannan naku ne, lamba nawa?" Ɗan Tasi ya taɓa ce masa, "Baba, kai fa kana ɓata mana tsoro." Ya ce, "Wanda ya taɓa sa hannu a bayan talabijin bai cire wuta ba, shi ya san tsoro."

Shekara biyu da suka wuce Inna ta fara mantuwa. Da fari abin dariya ne, ta sa makulli a cikin firji, ta zuba gishiri a shayi. Daga baya ta fita sayen sabulu ta kasa gane hanyar gida, sai Ɗan Tasi ne ya tsince ta a tsaye a bakin wata mahaɗa, tana riƙe da sabulun. Aka je asibiti, aka dawo da magunguna da bayanin da Nas ta fassara masa a hankali: abin ba ya komawa baya. Inna ta daina fitowa shago ranar Asabar, don taron mutane yana rikita ta. Muka ce ko mu dakatar da kallon. Injiniya ya ce, "Ku ci gaba. Tana jin hayaniyarku ta bango, kuma ina ganin tana so."

Bai gaya mana cewa ta daina gane shi ba. Auta ce ta gaya wa Nas daga baya. Wai da safe idan ya kai mata shayi sai ta gyara mayafi ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah. Maigidan ya fita, amma zauna."

A bara finafinai biyu ne suka yi fice a shagon. Na farko na wani jirgin ruwa ne da ya ɗauko wata halitta a cikin kayansa ba a sani ba. Ihu ne daga farko har ƙarshe, ga haƙora, ga majina, ga fitilu masu mutuwa daidai lokacin da ake buƙatarsu. Na biyun Mai Kemis ne ya kawo shi, kuma ba dodo ko ɗaya a ciki. Wani ma'aikaci ne ya dawo daga aiki, matarsa ta buɗe masa ƙofa da fara'a ta tambaye shi wa yake nema. 'Ya'yansa suka gaishe shi kamar baƙo. Ba wanda ya kore shi, har abinci aka zuba masa, a kwanon baƙi.

A lokacin ba mu san halin da ake ciki a bayan shagon ba. Abin da muka gani kawai shi ne, ana tsakiyar fim ɗin Injiniya ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kalli allon sosai, karo na farko tun da na san shi. Bai ce roba ba, bai ce fenti ba. Da aka zo wajen kwanon sai ya miƙe ya ce zai je sayen fiyus. Akwai kwalin fiyus cike a kan teburinsa. Bai dawo ba sai da muka tashi.

Da Nas ta ji labari daga bakin Auta, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Mai Kemis ya rasa inda zai sa kansa. Ya je ya ba da haƙuri, Injiniya ya ce, "Haƙurin me? Kai ka shirya fim ɗin? Zauna ka riƙe min wannan wayar."

Ranar zaɓe muka hallara bayan la'asar. Tun kafin a fara Nas ta ce a cire fim na biyu daga takara. Ɗan Tasi ya ce sam.

"Anti Nas, dokar Inna ce, wanda ya fi ba ka tsoro. Ni na jirgin ruwan zan zaɓa, amma in muka cire wancan don tausayi, mun mayar da Baba abin tausayi ke nan, kuma ba zai gode mana ba."

"Kai komai sai ka yi masa tuƙin ganganci," in ji ta.

Injiniya yana jin su, ya ci gaba da aikinsa. Aka bar fim ɗin. Na zazzage gwangwani na ƙirga: uku da uku, kunnen doki. Ba a taɓa yin haka ba, don da Inna mu bakwai ne.

Babban mai fenti ya ce a sake kallon wurin da ya fi zafi a kowanne, ko wani zai sauya ra'ayi. Aka sa na jirgin ruwa. Ana cikin haka ƙofar baya ta buɗe, Auta ta leƙo.

"Baba, tun ɗazu Inna take cewa sai ta zo ta ga masu biki. Na hana ta ƙi."

Ya ce, "Kawo ta."

Inna ta rame, amma tsaf take, an ɗaura mata ɗankwali da kyau. Ta gaishe mu ɗaya-ɗaya da ladabin da ake yi wa baƙi. Injiniya ya jawo kujerarsa kusa da benci ya zaunar da ita. Nas ta miƙa hannu za ta kashe talabijin, ya girgiza mata kai.

A allon wani matuƙi yana saukowa cikin duhun jirgi da tocila. Inna ta zuba ido. Na ga hannunta ya tashi a hankali ya kama bakin mayafi, ya ja shi zuwa hanci. Ba wanda ya ƙara kallon fim ɗin a cikinmu, ita muke kallo. Da halittar ta fasa akwati ta fito, Inna ta ƙwalla ƙara ta cafke hannun mijinta da hannu biyu.

"Wayyo, Mai Rediyo, zai cinye shi!"

Auta ta toshe baki ta juya mana baya. Injiniya bai motsa ba, kamar wanda tsuntsu ya sauka a kafaɗarsa yana gudun kada ya tashi. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Roba ce, Hajiya. Ga ɗinkin nan."

"Kai dai ba ka da daɗin kallo," ta ce, ta yi dariya.

Bai fi minti biyar ba. Kafin matuƙin ya kuɓuta ta saki hannun, ta dube shi, ta dube mu, ta tambayi Auta ko an ba baƙi ruwa. Auta ta kama ta suka koma ciki.

Ba wanda ya ce a sa fim na biyu. Injiniya ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya yagi gefen wata takardar rasit ya yi rubutu, ya miƙo min. Na buɗe. Na jirgin ruwa ya zaɓa.

Mai Kemis ya ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma ai ɗayan ne ya tashe ka daga kujera."

"Shi ne," in ji Injiniya. "Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Amma ni a ganina ba shi ne aikin fim ba. Ku da kuke zuwa nan duk Asabar, me kuke nema? Tsoron da za a kunna fitila ya ƙare. Ka yi ihu, ka kama na kusa da kai, ka tashi ka tafi gida lafiya. Wancan kuwa ko an kashe talabijin yana nan. Ina da irinsa, ba na buƙatar a sayar min."

Nas ta ce, "To ai dokar ta ce wanda ya fi ba ka tsoro."

"Mai dokar ta jefa tata ƙuri'ar yanzu a gabanki. Ni rubutawa kawai na yi."

Ɗan Tasi ya ɗauki alli ya rubuta a bayan ƙofa. Ranar ce kaɗai ya ci zaɓe bai yi wa kowa gwalo ba.

Na so in ce daga ranar abubuwa sun gyaru, amma ba haka aka yi ba. An sake gwada fim ɗin sau biyu, Inna ta kalle shi kamar bango. Injiniya ya ce a bari, kada a mayar da ita injin gwaji. Da Auta ta samu aiki a wani babban shagon ɗinki, sai ya rage lokacin aikinsa, yana buɗewa da tara ya rufe da biyu. Ya koyi dafa abinci mai laushi, ya koyi yanke farce ba tare da ya ji mata ciwo ba. Har kitso ya sa Auta ta koya masa. Ta ce kwana biyu ya yi yana gwadawa a kan igiyoyin waya kafin ya yarda ya taɓa kan Inna, kuma layinsa ya fi nata miƙewa.

Ranar Talatar da ta wuce na biyo ta titin da rana, na same shi yana jawo ƙofar ƙarfe. Wani mutum yana tsaye da talabijin a hannu yana roƙon a duba masa ko da minti goma ne, wai akwai wasan ƙwallo da yamma.

"Gobe da tara," in ji Injiniya. "Ana jira na a ciki."

Da mutumin ya tafi na ce, "Jikin Inna fa?"

"Da godiya. Yau ta ce in maigidan ya dawo za ta gaya masa ina da kirki." Ya murɗa makulli, ya jijjiga kwaɗon ya tabbatar ya kama. "Na ce mata ta gaya masa, zai ji daɗi."