Injiniya a Shagon Kayan Famfo

Ga wani bawan Allah a shagon kayan famfo, jiƙe sharkaf daga hula har silifa, yana riƙe da guntun bututun roba kamar wanda ya ciwo kofi. Makullin ruwa ya zo saye. Da gani, sai da ya yanke bututun ya tuna akwai ruwa a ciki. Amma har yana koya wa mai shago shafa gam, wai kiran mai gyara aikin ragwaye ne.

Wayarsa ta yi ƙara, muryar matarsa har titi: "Baban yara, yatsana ya sage a bakin bututun nan, ruwa ya kai katifa!"

Injiniya ya gyara hula. "Haba, ke hannu ɗaya Allah ya ba ki?"