Na Kai Duwatsu Gummi

Anka

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha. An kira malaman labarin ƙasa na yankinmu taro a Gummi don gyaran manhaja, kuma na ji ana shirin cire darasin duwatsu da ma'adanai, wai ya yi wa yara nauyi. Ni kuwa da shi na yi furfura a aji.

A shingen farko jami'i ya ɗaga jakata, ya ce in buɗe. Duwatsu ne cike.

"Zinariya ce, Malam?"

"Kayan koyarwa ne."

Ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

Bukkuyum

Mota ta lalace, ba a gama gyara ba sai la'asar, direba ya ce ba ya bin hanyar nan da yamma. Na sauka wajen tsohon ɗalibina Sanusi, ɗan Yargalma, yanzu ma'aikacin lafiya ne. Muna cin tuwon shinkafa na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya tsame hannu daga kwano.

"Malam, ƙanwata ta rasu shekarar gubar dalma. Ban gane mi ya kashe ta ba sai ran da ka aza muna dutsen nan mai dalma bisa tebur. Da shi nike yi wa mata bayani har yau."

Gummi

Washegari da hantsi muka shiga gari, fadama kore shar da shinkafa. Shugabar taro, Malama Rabi, ta ce burinsu yaro ya iya tunani, ba haddar sunaye ba.

Na ce, "Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Amma da me zai yi tunanin, in bai san abin da ke ƙarƙashin gonar ubansa ba?"

Na zazzage jakar, na ba su labarin Sanusi. Duwatsun suka zaga hannu zuwa hannu. Muka yi ta ja har azahar. Daga ƙarshe ta ce darasi zai zauna, amma da sharaɗi: a daina karanta shi daga allo kawai, a fita da yara bakin gulbi su ga ƙasa da idonsu. Na yarda, don ta fi ni gaskiya a nan.

Gida

Kafin la'asar washegari na iso Anka, jaka ba nauyi. Malaman sun rabe duwatsun, kowa ya tafi da nasa ajinsa. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Sanusi.