Igiyar Shanya Ba Ta Ƙarya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malama, shugabar cibiyarmu ta binciken yara masu naƙasa, bayan jinyar wata huɗu. Labarin ya riske ni a bakin aiki, a wata ma'ajiyar kaya inda nake liƙa wa kwalaye lamba, a ƙasar da ba wanda ya san ta balle ya ce mini "ya haƙuri". Na karanta saƙon a tsaye, na mayar da waya aljihu, na ci gaba da aiki har aka tashi. Kafin in cire safar hannuna an riga an kai ta makwancinta.

Malama, shekara goma sha shida rabona da yi miki magana. Na san da kina nan, da kin dube ni ta saman tabarau kin ce, "Sai yanzu, Malam?"

Na ga abin da manya suke rubutawa. Mutumin da ya shanya ki a kan benci a ƙofar ofishinsa tun safe har la'asar, rahoto a cinyarki, shi ne yau yake kiranki uwar marasa gata. Ba zan ƙaryata shi ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai ya bari sai da ta daina amfani. Ni ba irin wannan yabon zan yi miki ba. Ke ba mai sauƙi ba ce. Kina da faɗa, bakinki na da nauyi wajen cewa sannu, shayinki yakan huce a kan tebur kina yi wa aikin mutum jan biro. Amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi yarda a ɓatar da yaro a takarda kamar ke ba.

Hukuma ta ce ba a buƙatar ajin kurame, ba a buƙatar gangara a ƙofar makaranta domin keken guragu, wai irin waɗannan yaran ba su da yawa. Ke kika ce to a ƙirga. Kika ɗauke mu, mu goma sha biyu, muna bi gida gida. Maigida zai fito ya ce yaransa biyar, kowa lafiya lau. Kika hana mu musu da shi. Kika ce mu roƙi ruwan sha, kafin a kawo mu dubi igiyar shanya mu ƙirga ƙananan riguna, sannan mu dubi takalman da ke bakin ƙofa. In an ga rigar da ba ta da takalmi, to akwai yaron da ba ya fita. Kinkan ce, "Uba ya iya mantuwa, amma uwa ba ta fasa wanki."

In kuwa aka bari kika shiga, ba kya tsayawa a kan yaro. Na taɓa ganin kin zauna dirshan a kan siminti da kayanki masu kyau, kusan awa guda, gaban wata yarinya da ƙafafunta suka shanye, ba ki ce mata uffan ba, har ta miƙo hannu ta zare miki tabarau. Da muka fito kika ce, "Ka gani? Ita ta fara gaishe ni."

Yanzu sai laifina, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Unguwarmu ni aka ba. Da na zo kan takardar gidana na rubuta yara uku. Huɗu ne. Auta tana da shekara shida a lokacin, zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana goye. Ban taɓa dukanta ba, ban hana ta komai ba, sai ƙofar gida. Nunin yatsa nake tsoro. Kuma wanda ya ɓoye nasa ba ya leƙa igiyar wani, don haka duk abin da maƙwabta suka faɗa mini a tsaye shi na rubuta.

Wata ranar Asabar kika biyo gidana ki ajiye mini takardu. Kika roƙi ruwan sha. Wallahi tun kafin ki ɗaga kai na san ta ƙare.

"Malam, 'yar rigar nan mai ruwan ɗorawa ta wace ce?"

Na ce ta maƙwabta ce. Sai maiɗakina ta ɗaga labule ta ce, "Malama, shigo ki gan ta."

Ba ki tozarta ni a gaban abokan aiki ba, wannan kam na shaida. A ofis, ƙofa a rufe, kika ce, "Ban kore ka ba. Amma ba za ka sake riƙe takardata ba." Kika watsar da takardun gida ɗari huɗu da na cika, kika sa aka sake ƙirgawa, kika cire sunana daga rahoton. Zuciya ta ɗebe ni na ajiye aikin, daga baya na bar ƙasar, ina gaya wa duk mai saurare cewa kin ci mutuncina. Na daɗe ina lasar wannan ɗacin a ɗaki mai taga ɗaya. Abin da ba na faɗa shi ne, da aka sake ƙirgawa an sami yara ashirin da uku da na tsallake. Rahoton nan shi ya buɗe ajin kurame na farko, ke da kanki kika sayo wa Auta takalmi kika kai ta. Yau ita ke koyar da ƙanana a wannan ajin.

Auta ce ta aiko mini da labarin rasuwar. A rubuce, domin duk shekarun nan da rubutu muke gaisawa. Ban taɓa koyon maganar hannu ba. Kowa a gidan ya iya sai ni. Ta ce ta je duba ki a asibiti saura mako guda ki rasu, muryarki ta riga ta tafi, sai kika tambaye ta da hannu, "Babanki ya iya?" Ta ce miki e.

Ga abin da ta rubuto mini: "Baba, na yi mata ƙarya don kada ta tafi da fushinka. Kai ka san yadda za ka yi da ƙaryata."

Malama, yafiyarki ta wuce ni, ba inda zan same ta a duniya. Abin da ya rage mini shi ne kada in bar 'yata ta zama maƙaryaciya a wurinki. Kwana goma sha tara ke nan ina tsayawa gaban madubin banɗaki bayan an tashi aiki, da yatsun da sanyi da gam suka sandarar, ina koyo kamar ɗan aji ɗaya. Ranar Lahadi na kira ta ta bidiyo, na ajiye wayar a jikin kofi, na ce mata da hannuna, "Allah Ya jiƙan Malama." Ta yi dariya har da hawaye, ta rubuto mini, "Baba, hannunka in'ina yake yi." Sau uku tana gyara mini. Ashe ta gaji jan bironki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki waɗanda suka haƙura suka raba uwa da yaran mutane, da tsofaffin abokan aikina in har suna tuna ni, da yaran da kika fito da su rana. Allah Ya ba su haƙurin rashinki, Ya tsare aikin daga hannun masu yabo bayan mutuwa. Ke kuma Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa ki cikin ƙidayar bayinsa na gari kamar yadda ba ki yarda a tsallake ko ɗaya ba. Amin.

Takardar gidana kuma, Malama, a gyara. Yara huɗu ne.